Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Da Ruwan Ciki

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya tarbe ni a Zangon Agege, da akwatin ƙarfena da takardar digirin da na samo a Zariya. Wasunku sun matsa sai na ba da labarin aurena. Ku yi haƙuri, zai zo. Wani tari ne ya hana ni barci a makon nan, tarin yaron da ke jera mana littattafai shekara talatin da wani abu da suka wuce.

A 1988 alhazan goro suka damƙa mini laburaren makarantar da suka gina. Mu huɗu ne: ni, da Malama mai rubuta katin littattafai, da yaron nan, da Baba maigadi. A jami'a an koya mana tsarin Dewey na jera littattafai da lambobi har muka haddace cewa littattafan Musulunci a lamba 297 suke zama, amma ba wanda ya gaya mana abin da damunar Legas ke yi wa takarda. A gida ƙurar hunturu ce kawai, ka kaɗe ta wuce. Nan kuwa idan watan Yuni ya kama, iskar kanta a jiƙe take. Littafi ya kumbura, bangonsa ya yi fumfuna, gara ta biyo ƙafar kanta, kyankyasai su lashe gam ɗin ɗauri. Yaron ne ke bin su ɗaya bayan ɗaya da tsumma, a ɗaki mai taga ɗaya, ba ko ƙyallen rufe hanci.

Kun san Kawu, Allah ya jiƙansa. Bai taɓa barin ɗan dako ya ɗaga huhun goro ba sai ya sha koko da ƙosai. Ranar da na kai masa kukan yaron, abin da ya ce ke nan: "Ɗana, da ruwan ciki ake jan na rijiya."

Na je Laburaren Ƙasa da ke titin Herbert Macaulay a Yaba neman shawara. Aka ce in janye kantoci daga jikin bango, in ɗaga su daga ƙasa, in bar iska ta riƙa ratsawa. Wannan duk na yi. Sauran kuma lokacin SAP ne, shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu, naira na zubewa, albashi na tsaye wuri ɗaya. Malama daga Idi-Araba take zuwa, sai ta canza mota a Oshodi, ta iso a tsaye cikin molue, babbar motar hayar Legas, ƙafa a kumbure. Na mayar da shigowarta ƙarfe goma. Kuɗin tarar da muke karɓa a hannun masu makara da littafi kuma na sayi fanka da su, na kai yaron asibiti. Likita ya ce asma ce. Komai na rubuta a littafin kuɗi, har da rasit.

Sakayyata takardar tuhuma ce. Shugaban kwamiti ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Malam, littattafai muka ba ka ko mutane?" Na ce, "Ranka ya daɗe, littafi ba ya hawa kanta da ƙafarsa." Maganar Kawu na so in faɗa, nauyin furfurar shugaban ya hana ni. Har yau ina cizon yatsa.

Ga wani abu ma da ya faɗo mini. Da aka soke zaɓen 12 ga Yuni a 1993, mutanenmu suka yi ta cika motoci zuwa Arewa, shi shugaban yana cikin na farko. Baba maigadi, wanda suka hana ƙarin albashi sau biyu, shi ya shimfiɗa tabarma tsakanin kantoci yana kwana. Ko allura ba ta ɓace ba. Me ya tsayar da shi? Kwanon tuwon da maiɗakina ke aika masa kullum, da ruwan cikin nan dai na Kawu.

Yaron ya bi ayarin masu tafiya, bai dawo ba. An karɓe littafin kuɗin tarar daga hannuna tun kafin nan, don haka watanninsa na ƙarshe da kuɗin aljihuna nake saya masa maganin shaƙa, wata rana akwai, wata rana babu. Takardar tuhumar tana nan cikin akwatin ƙarfen. Jiya na ciro ta, ita ma fumfuna ta cinye gefenta, amma sa hannun yana karantuwa sarai.