Ranar da na kai Umma tsibirin Buyukada cikin watan Yuli

Ina shekara ta biyu da fara karatu a Istanbul Umma ta zo sarin kaya. Kwana shida muna zarya tsakanin Laleli da Merter, shago bayan shago, har ta ce ƙarar motoci ta fara sa mata ciwon kai. Na ce mata, "Umma, ranar Lahadi zan kai ki inda ba a hawa mota." Buyukada nake nufi, babba a cikin tsibirai tara da ke tekun Marmara. Sau ɗaya na taɓa zuwa, a watan Nuwamba, na tarar da gari tsit, ba ka jin komai sai kukan tsuntsayen teku. Abin da ya zauna mini a rai ke nan. Ban yi lissafin cewa yanzu Yuli muke ba: a gida damina ta yi tsaka, a nan kuwa ganiyar zafi ce, makarantu na hutu, kowa ya nufi bakin ruwa.

Ƙarfe goma muka isa tashar Kabatash, muka tarar da layi har bakin titi. Da ƙyar muka shiga jirgi. Wani saurayi Baturke ya tashi ya ba Umma kujerarsa, Allah Ya saka masa, ni kuwa a tsaye na yi awa ɗaya da rabi. A tsibiran Kinaliada da Burgazada da Heybeliada jirgin ya tsaya, na yi ta sa ran a ragu, amma kusan kowa inda za mu nan za shi.

Muna sauka, daga tasha zuwa dandalin agogo, sai ka rantse Kantin Kwari ne a jajibirin Sallah. Kafaɗa na gugar kafaɗa, masu askirim na kira, masu gidajen abinci na tare hanya da takardar farashi. Gaskiya ne babu motocin gida, sai na asibiti da 'yan sanda da irinsu. Amma akwai kekuna na haya birjik, da yawa a hannun waɗanda suka daɗe rabonsu da keke, ga tituna masu gangara. Mota kana jin ta tun daga nesa ka kauce, keke da babur ɗin lantarki kuwa ba sa sallama. Mun ɗan haura wani layi, wata yarinya ta gangaro birki ya ƙwace mata, ƙahon keken ya fizgi mayafin Umma. Da ban riƙe ta ba da ta kai ƙasa. Tun daga nan ba ta ƙara sakin hannuna ba.

A da keken doki ne abin hawan tsibirin. Bayan wata cuta ta ɓarke a cikin dawakan a ƙarshen 2019 aka hana shi, a 2020 aka kawo ƙananan bas na lantarki. Ina ganin hakan daidai ne, don dabbobin sun sha wuya. Sai dai bas ɗin ba sa ɗaukar mutane da yawa, a rana irin wannan kuma ba sa isa. Mun kusa awa guda a layi, rana na dukan mu. Zafin Kano busasshe ne yawanci, ka shiga inuwa ka samu sa'ida. Na nan mai laima ne, gumi ba ya bushewa, riga ta manne maka a jiki.

Bas ya sauke mu a dandalin da ke tsakanin tuddai biyu na tsibirin. Daga nan ake hawa zuwa tsohuwar majami'ar Aya Yorgi, inda ake hango teku da Istanbul gaba ɗaya. Tudun ya kai mita 200, hanyar a miƙe take sama. Umma ta ɗaga kai ta duba, ta ce, "Kai yaro, gwiwata ba za ta kai ni can ba. Je ka gano mana." Na zaunar da ita a inuwa na hau ni kaɗai. Daga sama na hango wani katafaren ginin katako na 1898, wanda ya zama gidan marayun Girkawa har aka rufe shi a 1964, yana ta ruɓewa a cikin itatuwa. Wurin na da kyau ƙwarai, amma hankalina na ƙasa, ban yi minti goma ba na sauko.

Abinci ma ya ba mu kashi. Komai na tsibirin ta jirgi ake kawo shi, ga kasuwar 'yan watanni ce, don haka tsada ba abin mamaki ba ce. Kuskurena shi ne na ce a kawo kifi ban tambayi kuɗinsa ba, alhali da nauyi suke sayarwa. Bakin ruwa kuma yawancinsa sai ka biya kafin ka shiga, shigar da ake yi a can ma ba wadda zan kai mahaifiyata ta gani ba ce.

Inda muka samu hutu na gaskiya shi ne masallacin Hamidiye, wanda Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na Biyu ya sa aka gina. Da Umma ta cire takalmi sai na ga ƙafafunta sun kumbura, igiyar takalmin ta yi mata shaida. Bayan la'asar ta fito daga ɓangaren mata tana murmushi, hannunta na ƙamshin lemon tsami. Wai wata tsohuwa ce ta zuba mata turaren kolonya a tafin hannu, suka zauna tare ba mai jin yaren wani.

Komawa ita ce babbar jarrabawa. A cikin gari in wuri ya ishe ka sai ka tari tasi ka yi gaba. A tsibiri sai yadda jirgi ya yi da kai, kuma duk jama'ar da suka shigo daga safe zuwa azahar kusan lokaci ɗaya suke son fita. Jirgin farko ya cika aka rufe ƙofa muna gani.

Tun daga ranar, in baƙo ya ce in kai shi, ba na yarda da Asabar ko Lahadi. Tsakiyar mako nake zaɓa, jirgin sassafe, in da hali a watan Mayu ko Oktoba. Ina ɗaukar hoton jadawalin komawa tun a tasha, mu juyo kafin la'asar. Wanda ke ɓangaren Asiya na Istanbul ya hau daga tashar Bostanji, tafiyar ta fi gajarta sosai. Mai ciwon gwiwa kuwa nakan faɗa masa gaskiya tun a gida: inda ba mota, ƙafarsa ce za ta yi aikin.

Mun samu jirgi na biyu. Magariba, da a Yuli ba ta yi sai wajen takwas da rabi, a kan ruwa ta riske mu, Umma ta jingina da kafaɗata tana barci. Washegari ba ta iya taka ƙafar ba, ni kaɗai na kai kayanta wurin masu kago.