Shekarar da na tattara kuɗin Soweto

A 1977 ina ƙaramin malami a wata sakandare a Zariya, sai shugaban makaranta ya ɗora mini tattara gudummawar asusun agajin Kudancin Afirka, wanda gwamnatin Obasanjo ta kafa a 1976, shekarar da 'yan sandan mulkin wariyar launin fata suka buɗe wa ɗalibai wuta a Soweto ta Afirka ta Kudu. Mu ma'aikata kashi 2 cikin ɗari na albashi muke bayarwa. Yara kuwa kuɗin ƙosai suke haƙura da shi, kwabo biyar, kwabo goma, ina rubutawa a littafi.

Wata rana Baba mai gadi ya miƙo nasa, ya ce, "Malam, ba ka ce duniya ta haramta wannan abu ba? To wa ya riƙe hannunta?"

Na zuba masa karatu: yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1965 kan kawar da wariyar launin fata, da ta 1973 wadda ta kira abin laifi ga ɗan Adam. Ya girgiza kai kawai. Kuma da gaskiyarsa. Sai da ɗan gwagwarmaya Steve Biko ya mutu a hannun 'yan sanda a watan Satumbar 1977 kafin Kwamitin Sulhu ya wajabta takunkumin makamai a Nuwamba, ƙuduri na 418. Na tattalin arziki kuwa, Amurka da Ingila da Faransa suka hau kujerar na-ƙi, domin jarinsu na can. Na ce a raina, takardun nan ihu ne bayan hari.

A nan na yi kuskure, kuma na daɗe ban gane ba. Takardun ne suka zama madogarar duk mai son motsawa. Najeriya ta karɓe kadarorin BP, kamfanin man fetur na Ingila, a 1979. Maitama Sule ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar a Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1985 bankin Chase Manhattan ya ƙi sabunta wa Afirka ta Kudu bashi, wasu bankuna suka bi sahu. Ba tausayi ba ne, hulɗa da ita ce ta zama abin kunya mai jawo asara. A 1986 majalisar dokokin Amurka ta tsallake Shugaba Reagan ta ƙaƙaba takunkumi, ƙasashe 32 kuma suka ƙaurace wa wasannin Commonwealth a Edinburgh don Thatcher, firaministar Ingila, ta kafe kan ƙin takunkumi.

Lokacin da Mandela ya zo Najeriya a 1990, Baba mai gadi ya riga mu gidan gaskiya. Na je na duba littafin nan: naira ɗaya ya bayar, ya dangwala yatsa a gefe.