Abin da na'urar auna iskar taya ta nuna mana a gareji

Tirela mai taya 22, wato 10 a kai da 12 a bodi, direba tayoyin gaba guda biyu kaɗai yake ji, domin su ne a hannunsa ta sitiyari. Sauran sai dai ya leƙa madubi ya yi addu'a. Shi ya sa kamfanin dakon kaya da nake kula da garejinsa a Kano ya sayo na'urar nan da ake kira TPMS, aka ce mu gwada ta a motocin da ke zuwa Legas.

Aikinta ba wuya. Kowace taya ana sa mata ɗan ƙaramin abu mai batir, ko dai a murɗa shi a bakin bawul a madadin murfi, ko a ɗaure shi a jikin wili daga ciki. Yana auna iska da zafi, yana aikawa zuwa wani allo a gaban direba. Iska ta ragu ko zafi ya wuce ƙima, sai ya fara kuka. A Amurka an yi dokarsa a 2000, bayan fashewar tayoyin Firestone a motocin Ford Explorer ta ci rayuka, kuma daga 2007 ya zama dole a sababbin ƙananan motoci. Tarayyar Turai ta wajabta shi a ƙananan motoci a 2014, sannan daga Yulin 2024 ta haɗa da sababbin manyan motoci da bodinsu. Mu nan ba wanda ya tilasta mana, lissafin kuɗin taya ne ya kai mu.

Direbobinmu sun gaji wata dabara. In an tsaya a Tafa ko Mokwa, yaron mota zai ɗauki ƙarfe ya bi tayoyi yana ƙwanƙwasawa. Kunnen da ya saba yana gane wadda ta sace gaba ɗaya, wannan ba musu. Amma tayar da ya kamata ta sha 110 a geji ta sauko 85, ƙararta kusan ɗaya ce da mai lafiya, ido ma ba ya rabewa, balle in ta ciki ce wadda 'yar'uwarta ta waje ta tallafe. To nan ɓarnar take. Tayar da iskarta ta gaza, gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, yana tara zafi, har wayoyin ciki su rabu da roba. Ta kusa da ita kuma tana ɗaukar lodin da ba nata ba. Ranar da ta fashe sai a ce "kawai fashewa ta yi", alhali ƙusa ce ta shiga tun daga Zariya tana tsiyayar da iska a hankali.

Wata rana da la'asar wani dattijon direba ya kira ni daga wajen Jebba.

"Injiniya, abin nan naku ya ishe ni da kuka. Na sauka na duba, ƙalau suke."

"Baba, wace taya ya nuna?"

"Ta ciki, hagu, layin tsakiya na bodi."

Na roƙe shi ya nemi mai faci a sa geji. Da aka kwance, kan wani ƙaramin noti ne ya nutse a tsakanin zanen taya, ya goge ya yi sumul har yana sheƙi. Faci aka yi ya wuce. Da ta fashe, sai ta tafi da madigadi da tiyon iskar birki, ga kwana a bakin hanya da kayan mutane.

Abin da ban ga ana tallata shi sosai ba shi ne ma'aunin zafi. Boris da ya bushe ko birki da ya riƙe suna gasa wili, kuma allo yana nuna cewa ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi tun kafin hayaƙi ya tashi. Duk wanda ya taɓa ganin tirela tana ci da wuta daga tayoyin baya ya san darajar wannan.

Sai dai na'urar tana da nata rigingimun. Bodi mai tsawo yakan shanye saƙon tayoyin ƙarshe, dole a ɗaura abin ƙara ƙarfin sigina a ƙarƙashinsa. Waɗanda ake murɗawa a bakin bawul ana sace su a tasha ko da an sa musu notin kulle. Na ciki kuwa, mai facin da bai san da su ba yana sa ƙarfen ɓanɓare taya ya farfasa su, kuma ba sa shiga tayar da ke da tub, wadda har yanzu tsofaffin motocinmu ke hawa. In aka sauya wa bodi kai, sai an sake haɗa lambobin na'urorin da ke tayoyinsa da sabon allo, abin da ake yawan mantawa ranar da ake gaggawar lodi.

Mafi wahala shi ne zafin Maris da Afrilu. Iska tana kumbura in taya ta yi zafi, saboda haka da rana tsaka lambar kan allo takan haura. Wasu direbobi da suka ga haka sai su sauka su rage iska, kashegari da asuba taya ta huce ta koma ƙasa da ƙima. Wasu kuma su zare wayar allon don su samu salama. Sai da muka zauna da su ɗaya bayan ɗaya: iska da sanyin safiya ake aunawa, hawan lambar da rana ba laifi ba ne, ba a taɓa bawul taya na da zafi. Muka kuma ɗaga iyakar da allon ke kuka a kanta.

Na'urar kuma ba ta san shekarun taya ba. Tsohuwar tayar da aka shigo da ita daga waje, wadda lambobi huɗun da ke gefenta suka nuna mako da shekarar da aka ƙera ta sun yi nisa, tana iya tarwatsewa da cikakkiyar iska. Haka lodin da ya wuce ƙima, haka ramin hanya.

Da mai kamfani ya tambaye ni ko a sa wa duka motocin, cewa na yi a fara da bodi, musamman na masu doguwar hanya, kuma a sauya bawul na roba zuwa na ƙarfe, domin nauyin na'urar yana tsaga na roba. Masu taya mai tub kuwa muka bar su da geji da littafi, ana auna su kafin kowace tafiya, har ranar da za a sauya musu wili.