Malamin Nanjing da ya sa na karanta Konfushiyas

Duk ɗan kasuwarmu da ke zuwa sari Guangzhou ta ƙasar Sin ya san unguwar Xiaobei, ya san inda ake canji, ya san inda zai sami abincin gida, ya kuma san masallacin da ake cika maƙil ranar Juma'a, kusa da kabarin da mutanen garin ke cewa na Sa'adu bin Abi Waƙƙas ne (malaman tarihinmu dai a Madina suka ce an binne shi). Amma ka tambaye shi me mutumin da yake ciniki da shi ya yi imani da shi, sai ya ce, "Ai su ba su da addini," a wuce wurin. Ƙasa mai mutum sama da biliyan ɗaya, a gama da ita da jimla guda!

Ni yadi nake sarowa zuwa Kantin Kwari, kuma tafintan da nake aiki da shi Musulmi ne ɗan ƙabilar Hui. Da Larabci muke magana, don ya yi karatu, ni ma na ɗan zauna a zaure kafin kasuwa ta ɗauke ni. Shi ya fara ambata mini Liu Zhi. Cewa ya yi, "Alhaji, in kana son sanin yadda kakanninmu suka riƙe addini a ƙasar nan, nemi wannan malamin." Na nema. Wata malama 'yar Japan da ta koyar a Amurka, Sachiko Murata, ta fassara wasu ayyukansa zuwa Turanci, ta nan na shiga.

Asalin matsalar ita ce harshe. Musulmi sun fara isa Sin a zamanin daular Tang, fatake ne Larabawa da Farisawa. Suka ƙaru sosai lokacin mulkin Mongol, daga 1271 zuwa 1368. To a zamanin daular Ming da ta biyo baya, jikokinsu sun riga sun zama Sinawa, Larabci da Farisanci sun fita daga bakinsu. Ga shi kuma duk mai son a kira shi mai ilmi, ko ya sami aikin sarauta, dole ya ci jarrabawar da aka gina kan littattafan Konfushiyas, babban malamin hikima da tarbiyya na Sinawa. Sai ka ga yaro ɗan Musulmi ya haddace maganganun mutumin da ya rayu daga 551 zuwa 479 kafin haihuwar Annabi Isa, amma farillan alwala suna ba shi wuya. Wani malami, Hu Dengzhou, wanda ya rasu a 1597, ya kafa tsarin karatu a cikin masallatai. Daga baya wasu suka ga dole a rubuta addinin da Sinanci na malamai. Wang Daiyu ya fitar da nasa a 1642. Sauran jama'a kuwa sun riƙa rubuta Sinancinsu da baƙaƙen Larabci, ajami ke nan sak, irin wanda Nana Asma'u ta yi wa matan ƙasar Hausa waƙoƙin wa'azi da shi.

Liu Zhi ɗan birnin Nanjing ne, an haife shi wajajen 1660, mahaifinsa ma malami. Abin da ya kama ni game da shi shi ne lissafin karatunsa da ya bayar da kansa: shekara 8 yana kan littattafan Konfushiyas da tarihin Sin, shekara 6 kan na Musulunci, shekara 3 kan na mabiya Buddha, shekara 1 kan na mabiya addinin Dao, sannan ya karanta littattafan Turawa 137. Sai bayan nan ya ɗauki alƙalami. Mutum ya kwashe shekara uku yana karanta addinin da ya san tun farko ba zai bi ba, kuma ƙarshenta ya yi masa raddi. Yau a wurinmu bidiyon minti biyu ya isa mutum ya yanke wa al'umma guda hukunci.

Manyan littattafansa uku ne: na aƙida da tasawwufi a 1704, na ibada da mu'amala a 1710, da tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya kammala a 1724. Na tsakiyan ne ya tilasta mini buɗe Konfushiyas, don na kasa gane tsarinsa. Liu Zhi ya jera shika-shikan Musulunci biyar, sai ya biyo su da wasu haƙƙoƙi biyar: tsakanin sarki da talaka, uba da ɗa, miji da mata, wa da ƙane, aboki da aboki. Daga ina ya samo wannan jerin? Ashe ginshiƙin tarbiyyar Sinawa ke nan tun fil'azal. Duk mai ilmin da ya buɗe littafin zai ga abin da ya sani tun yana yaro, sai dai wannan karon an ce masa tushensa biyayya ce ga Allah Makaɗaici, kuma ba ya cika sai da salla da azumi.

Da na karanta Konfushiyas ɗin kansa, na tarar ba mai yawan magana kan gaibu ba ne. An tambaye shi batun mutuwa, ya nuna wa mai tambayar cewa bai ma gama sanin rayuwa ba. Hankalinsa yana kan ladabi, girmama iyaye, da cewa shugaba ya gyara kansa kafin ya gyara jama'a. Tun daga nan na fara gane wasu halaye na masu masana'antun da nake hulɗa da su: yadda ba a son a kunyata mutum a gaban yaransa, da yadda garuruwan kasuwanci ke zama fayau a lokacin sabuwar shekararsu don kowa ya tafi gaida iyaye.

Yayana bai yarda da wannan karatu nawa ba. Ya ce, "Kai dai ka yi hankali, irin wannan ne ke kawo cuɗanya." Maganarsa tana da tushe, don ko a Sin ɗin, a ƙarshen ƙarni na 19, ƙungiyar wani malami, Ma Wanfu, ta tashi tana yaƙar al'adun da take ganin sun shiga addini. Ni ma akwai wuraren da littafin 1704 ya fi ƙarfina: da'irori da zane-zane kan matakan halitta, waɗanda ya ɗebo daga sufayen Farisa irin su Jami da Najmuddin Razi. Amma ban ga inda ya sassauta tauhidi don ya faranta wa kowa ba. Masu tsara kundin littattafan fada a zamanin sarki Qianlong ma sun lura da haka: sun yaba kyan rubutunsa, suka ƙi abin da ke ciki.

Abin da ke ɗan yi mini ciwo shi ne, gidan rediyon Sin yana watsa shirye-shirye da Hausa tun shekarun 1960, kuma ana koyar da Hausa a jami'a a Beijing. Mu kuwa, da duk kwantenonin da muke lodowa, da wuya ka sami wanda zai faɗa maka bambancin Buddha da Konfushiyas.

Yanzu abin da nake cigiya shi ne fassarar Larabci da wani malamin lardin Yunnan, Ma Lianyuan, ya yi wa jigon littafin 1704 a ƙarshen ƙarni na 19. Malaminmu na zaure ba ya jin Turanci, kuma ina so ya karanta da idonsa ya raba mu gardama da Yaya. Na bar wa tafintana sallahu.