Tama da Awonta a Ƙaramin Kamfaninmu

Kamfaninmu ƙarami ne, kuma sana'arsa ita ce sayen tama daga hannun ƙananan mahaƙa a Jihar Kogi, a farfasa ta, a tankaɗe, a kai wa masana'antun siminti waɗanda ke buƙatar ɗan ƙarfe a cikin haɗinsu. Abin da ke yanke farashi a wannan kasuwa shi ne yawan ƙarfen da ke cikin dutsen, domin tirela mai ɗaukar tan 30 ta tama mai kashi 35 cikin 100, ƙarfen da ta ɗauko bai kai tan 11 ba, yawancin sauran kuwa yashi ne da laka waɗanda mu za mu biya kuɗin dakonsu.

Saboda haka ba ma yin ciniki sai mun ɗebi samfur. Mukan ɗebo daga saman tuli da tsakiyarsa da gindinsa, tun da mai kaya yakan ɗora duwatsu masu kyau a sama. Sai a daka, a gauraya, a baje a kan leda, a raba gida huɗu, a ɗauki gida biyu masu fuskantar juna, a yi ta maimaitawa har ya rage abin da za a aika ɗakin gwaji. Kafin sakamako ya fito mukan gwada da maganaɗisu: baƙar tama, wato maganatayit, tana manne masa, ja kuwa, hematayit, ba ta kula shi, amma idan aka goga ta a gindin fasasshen tangaran takan bar jan zane. Ko da zallarsu ne, ƙarfen da ke cikinsu bai wuce kashi 70 zuwa 72 ba.

Maƙeran da suka zauna a gindin Dutsen Dala na Kano a zamanin da, ido da nauyin hannu suka dogara da su. Suna tsintar marmara mai nauyi daga ramuka marasa zurfi, su narka ta da gawayin ƙirya, kuma ƙarfe mai yawa yakan tafi cikin kashin maƙera, don haka dutse mai rauni ba ya biyan wahalarsu. Injina ne suka sauya wannan lissafi. A jihar Minesota ta Amurka, da tama mai ƙarfi ta yi ƙaranci bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka koma kan takonayit, dutsen da ƙarfensa bai cika wuce kashi 30 ba, ana niƙa shi ya zama gari, a zuƙe ƙarfen da maganaɗisu, a dunƙule shi ƙanana.

Irin wannan dabara aka gina masana'antar tace tama ta Itakpe, a Jihar Kogi, a kanta: tamar wurin tana da kimanin kashi 36, kuma an tsara a tace ta ta haura kashi 60 kafin jirgin ƙasa ya kai ta masana'antar ƙarfe ta Ajakuta. Tamar Agbaja, ita ma a Kogi, ta fi ta Itakpe yawan ƙarfe, amma sinadarin fosforas da ke cikinta yana sa ƙarfe ya yi saurin karyewa, shi ya sa a ganina wanda ya tsaya kan adadin ƙarfe kaɗai a takardar gwaji bai gama karatunta ba.

Mu dai ƙarfinmu bai wuce injin fasa dutse da rariya da wankin ruwa ba. Wankin yana fitar da laka, ya ɗan ɗaga ingancin kaya, sai dai da damina dole mu shanya tamar kafin awo, domin mai saye yana cire nauyin danshi daga kuɗinmu.