An Kwantar da Alhaji

Laraba, birnin Lesta, Ingila.

Tun jiya Alhaji yake gudawa, yana ta cewa ɓacin ciki ne kawai. Da asuba na gan shi yana rawar ɗari a kan sallaya, na sa masa ma'aunin zafi, ya nuna 38.2. Tun bara da aka yi masa dashen zuciya a Kambirij aka ja mana kunne cewa zafin jiki in ya kai 38, a kira su nan take.

"Haba Hajiya, ba ni Panadol in kwanta mana."

"Yi haƙuri Alhaji, ɓoye zazzaɓin kawai zai yi."

Na kira, suka ce mu tafi sashen gaggawa mafi kusa, kada mu jira gari ya waye. Can muka tarar da ɗakin jira a cike, kowa na tari. Mutumin da ake danne wa garkuwar jiki da magani ba ya zama a irin wannan wuri, don haka na matsa har aka ba shi ɗaki shi kaɗai. Yau ban ji kunyar naci ba.

Nas ta ga bugun zuciyarsa 108, ta tambaye shi ko ƙirjinsa na ciwo. Ya ce a'a. Sai na sa baki na ce "a'a" ɗinsa ba abin dogaro ba ne. Jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin zuciya da ƙwaƙwalwa an yanke su ranar aiki, shi ya sa ko yana hutawa bugun nasa kusan 100 yake, kuma zuciyar na iya shiga matsala bai ji ciwo ba. Likitar da ta zo yarinya ce, amma ta burge ni, ba ta rubuta komai ba sai da ta yi waya da masu dashen.

Gwajin jini ya nuna ƙodarsa ta ɗan taɓu. Gudawa kan sa tacrolimus, maganin da ke danne garkuwar jiki don kada jikinsa ya ƙi sabuwar zuciyar, ya taru a jini, shi kuma in ya yi yawa ƙoda yake ci. Aka sa masa ƙarin ruwa da maganin ƙwayoyin cuta, aka hana ibuprofen, maganin ciwo, don shi ma yana taɓa ƙoda. Suna zargin ko mycophenolate, wani maganin danne garkuwar da yake sha, shi ne ya jawo gudawar, ko kuma CMV, wata ƙwayar cuta da kan kama masu raunin garkuwa. Hoton zuciya ya yi kyau, alhamdulillahi, don haka ba a kawo maganar bi ta jijiyar wuya a tsinko naman zuciya don a duba ko jiki na ƙin ta ba tukuna.

Shi kuwa har ya samu bakin tsokana, wai mutumin da aka fara yi wa dashen zuciya a Afirka ta Kudu a 1967 kwana 18 ya yi, ciwon huhu ya kashe shi. Na ce wannan ai hujjata ce ya kawo.

Yaya ta kira daga Zariya, wai za ta aiko da sassaƙe. Na yi godiya, na ce sai likita ya yarda. Ba zai yarda ba.

Gobe da bakwai zan koma, don sai an ɗebi jinin auna tacrolimus kafin ya sha maganin safe, shi kuwa in ba a tsare shi ba haɗiyewa zai yi.