Maganar da Alhaji ya faɗa a Shara Mansur

Tun bayan La'asar nake tare da Alhaji, domin Gwaggo ta rantse cewa ba zai yiwu surukin gidanmu ya zo Umara daga Kano ya koma bai ci tuwon Makka ba. Mun yi Magariba da Isha'i a Harami, sannan na ɗauko mota muka nufi Shara Mansur, unguwar da Hausawa suka yi yawa a nan Makka. Tun kafin mu isa Hoshi Bakar, wani sashe na unguwar, Alhaji ya fara dariya, saboda ko ta ina ya juya Hausa yake ji, ga mata sun baza gyaɗa da goro da daddawa a bakin hanya, ga hayaƙin masu tsire ya tokare layin. Ya tsaya yana kallon wani mai tsire da ke barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji a kan nama, yana yanka albasa a kan takarda, yana amsa wa Larabawan da suka yi layi da motoci cikin harshensu, yana kuma yi wa yaronsa faɗa da Hausa a lokaci guda. Alhaji ya ci tuwon shinkafa da miyar taushe har ya nemi ƙari, ni kuma raina ya yi fari ƙwarai.

Muna wanke hannu ne ya dubi lungun da ke bayanmu, inda wayoyin lantarki suka sarƙe a sama kuma ruwan wanki yake bin tsakiyar hanya, ya ce: "Ƙanena, gaskiya gara da hukuma take share irin wannan wuri. Waɗannan 'yan takarin su ne suke zubar mana da mutunci a ƙasar nan."

Na ce masa, "Alhaji, a unguwar nan aka haifi Baba, a nan kuma aka binne cibiyata." Ya dafa kafaɗata ya ce ai ba irinmu yake nufi ba. Wannan kalma ta ƙarshe ce ta fi tsaya mini a rai, domin ban san inda zai ja layi tsakanin mu da su ba, alhali matar da ta tuƙa tuwon da ya yaba ƙawar Gwaggo ce, kuma tare suka yi karatun allo.

Mutanen da suka kafa wannan unguwa ba jirgin sama ne ya sauke su ba. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, jama'a masu yawa suka yi gabas, ɗansa Mai Wurno ya zauna da wasunsu a bakin kogi kusa da Sinnar a Sudan, garin da har yau yake amsa sunansa. Tun kafin wannan hijira akwai masu tafiya Hajji a ƙasa, kuma an ci gaba da bin hanyar shekaru da yawa bayanta: daga Barno a ratsa Chadi, a shiga Darfur, a kai Al-Ubayyid, daga nan zuwa Sawakin inda ake haye Bahar Maliya zuwa Jidda. Guzuri ba ya kai mutum, sai ya tsaya ya yi aiki. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka zama wurin da mahajjata suke tara kuɗin jirgin ruwa, kuma kakanmu yana cikin waɗanda suka ci wannan wahala. Ya bar gida yana saurayi, ya iso Makka da mata da ɗiya.

Da suka iso ba su da kuɗin zama kusa da Harami, sai suka raɓa a gefen gari, wasu a Jarwal, wasu a Misfala, daga baya aka yi ta matsowa ta wannan ɓangare na Hindawiyya da Tundubawi da Shara Mansur. Sun fara da rumfuna da ɗakunan langa-langa, sannan bulo ɗaya bayan ɗaya, duk shekarar da aikin Hajji ya yi albarka a ƙara ɗaki, in ɗa ya yi aure a ɗora bene. Shi ya sa lungunan ba su miƙe ba, domin ba mai zane ne ya tsara su ba, buƙata ce. Su ne 'yan ga-ruwan da suke kai ruwa gidajen da ke kan duwatsu, da garwa biyu a sanda bisa kafaɗa, su ne 'yan dako, su ne masu ɗaukar tsofaffi a kai a yi musu ɗawafi kafin a kawo keken turawa. Da aka fara faɗaɗa Harami a 1955, ƙarfinsu yana cikin abin da aka yi aikin da shi. Jikokin wasunsu a yau 'yan ƙasa ne masu amsa sunan Hausawi da Fallata da Barnawi, cikinsu akwai malamai da likitoci da sojoji, har da Usama Hausawi, haifaffen Makka, wanda ya jagoranci 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Wasu kuwa, irin kakanmu, ba su nemi takardar zama ɗan ƙasa ba lokacin da abin yake da sauƙi, saboda kullum suna cewa baɗi za su koma gida, ga shi jikokinsu muna sabunta igama, wato takardar izinin zama, a garin da aka haife mu.

Na faɗa wa Alhaji kaɗan daga wannan a cikin mota, ya yi shiru yana jan carbi. Da muka zo daidai inda sabon titin Sarki Abdul'aziz ya ratsa, wanda ya taso daga wajen tashar jirgin ƙasa ta Rusaifa ya nufi Harami, tsawon fiye da kilomita 3, sai ya ce masha Allah, wannan aiki ya yi kyau. Aikin ya yi kyau, ban musa masa ba, amma a ƙarƙashinsa akwai masallacin da na fara haddar Amma, da shagon mai fura, da gidajen mutanen da na sani da sunayensu.

Ba na cikin masu cewa unguwar ba ta da aibi. Na ga yadda ake ɗauko mara lafiya a bargo saboda motar asibiti ba ta iya shiga lungu, na san gobara ba ta da mai tare ta a irin wannan cunkoso, kuma akwai yaran da ƙwaya ta lalata da masu bara da suka mai da ita sana'a. Abin da yake damuna shi ne, wanda ya zo na mako biyu waɗannan kaɗai yake gani. Ba ya ganin adashin mata da ake yi wa marainiya kayan ɗaki da shi, ba ya ganin baƙon da kuɗinsa ya ƙare aka ba shi tabarma da abinci ba a tambayi garinsu ba. Idan an zo rusau, mai takardar mallaka yana karɓar diyya, ɗan haya kuwa kayansa kawai yake kwashewa, kuma mafi yawan namu 'yan haya ne.

 

Da na dawo gida na tarar da Gwaggo zaune ba ta kwanta ba. Ban gaya mata abin da Alhaji ya ce ba, domin ita ma tana da nata labarin: tsohuwar maƙwabciyarmu, wadda suka yi shekaru suna miƙa wa juna gishiri ta kan katanga, ta rasu tun shekaranjiya a unguwar Waliyyul Ahadi inda rusau ya kai su, kuma sai yau wata ta bugo waya ta sanar da ita. A da, kafin a gama yi wa gawa wanka duk layin ya hallara. Gobe bayan Azahar zan kai ta ta'aziyya, zan kuma biya ta unguwar Ka'akiyya in ɗauki wasu tsofaffi biyu da su ma ba su ji ba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.